Katin Girafik: Abin da "4GB" Ba Ta Faɗa wa Mai Sayen Kwamfuta

Idan kaka ta yi, masara da waken soya suka fara cika kasuwannin Funtua da Dandume da Bakori, akwai wani ciniki da yake tashi a gefe wanda ba a auna shi da tiya. Matashin da ya sha damina a gona, ko ya daɗe yana tara ribar shagon caji ko na POS, yakan yanke shawarar cewa bana zai daina tace bidiyo a waya ya koma kwamfuta. Bukukuwan aure suna yawaita bayan girbi, kuma mai haɗa bidiyon biki cikin sauri ba ya rasa aiki. Sai ya tura saƙo ta WhatsApp ga dillalin da aka haɗa shi da shi a Kano ko Zariya, amsa ta zo a layi ɗaya: Core i5, RAM 8GB, girafik 4GB. Wannan "4GB" ta ƙarshe ita ce ake ƙara wa kuɗi saboda ita, kuma a cikin ukun ita ce ta fi ɓoye gaskiya.

Ga misali. Akwai kati mai suna GeForce GT 730 da ake samu da 4GB, akwai kuma GeForce GTX 1650 shi ma mai 4GB. Duka biyun na kamfanin Nvidia ne. Wani nau'i na GT 730 ɗin, wanda ya fito a 2014 amma aka gina shi a kan fasahar 2010, yana da ƙwayoyin lissafi 96 kacal, kuma ma'adanarsa tana iya miƙa bayanai kusan 29GB a daƙiƙa ɗaya. GTX 1650 na 2019 yana da ƙwayoyi 896, yana miƙa 128GB a daƙiƙa. Na farkon ma girafik ɗin da yake zuwa kyauta a cikin furosesocin Intel na baya-bayan nan ya fi shi ƙarfi. Amma a saƙon dillali duka biyun sunansu ɗaya: 4GB.

Aikin da katin yake yi

Duk hoton da ke kan fuskar kwamfuta ko waya ƙananan ɗigo ne masu launi, waɗanda ake kira fiksel. Allon da ake ce wa 1080p yana da ɗigo 1920 a kwance, 1080 a tsaye, wato 2,073,600 gaba ɗaya. Idan wasa yana tafiya a kan firam 60 a daƙiƙa, to dole a lissafa launin ɗigo sama da miliyan 124 a kowace daƙiƙa. Allon 4K ya ninka wannan sau huɗu.

Furosesa, wato CPU, tana iya wannan lissafin, sai dai ba don shi aka gina ta ba. Ita kamar gwanayen manoma ne guda huɗu ko shida, kowannensu ya san gyaran garma, ya san awon taki, ya san ciniki. Amma ranar ɗiban auduga, gwanaye shida ba za su kamo gayya ta mutum ɗari biyu ba, ko da kuwa kowane ɗan gayya abu ɗaya tak ya iya. GPU ita ce gayyar: dubban ƙananan ƙwayoyi masu yin lissafi iri ɗaya a lokaci ɗaya. Nvidia ce ta yaɗa wannan suna na GPU a 1999, lokacin da ta fitar da GeForce 256. Katin girafik kuwa shi ne allon da aka ɗora GPU ɗin a kai, tare da ma'adanarta da fankokinta da hanyoyin wutarta.

Mai karatu ya daɗe yana riƙe da GPU a aljihu. Wayoyin Tecno da Infinix masu furosesar Helio G85 suna da Mali-G52, masu Helio G99 suna da Mali-G57, wayoyi masu Snapdragon kuma suna da Adreno. Shi ya sa waya biyu masu RAM iri ɗaya, ɗaya PUBG yake tafiya sumul a kanta, ɗaya kuma yana tsinkewa. Abin sha'awa, asalin Adreno daga kamfanin ATI yake, mai yin katunan Radeon. AMD ta sayi ATI a 2006, sannan ta sayar wa Qualcomm sashen wayoyi a 2009, kuma idan aka jujjuya haruffan Radeon, Adreno ake samu.

A waya, GPU tana cikin guntu ɗaya da furosesa kuma RAM ɗaya suke rabawa. Haka yake a yawancin laftof ɗin da ke kasuwa, masu Intel HD ko UHD ko Iris Xe. Wannan shi ne girafik na ciki. Akwai wata dabara da ya kamata a sani a nan: Windows yakan nuna cewa girafik na ciki yana iya aron kusan rabin RAM ɗin kwamfutar, don haka laftof mai RAM 8GB zai nuna wani abu kusa da 4GB a wannan wurin. Wasu masu sayarwa wannan lambar suke nuna wa mutum su ce ga girafik 4GB. Aro ne daga RAM, babu wani kati na daban a ciki. A Task Manager akwai layi biyu, na ma'adanar da aka keɓe wa kati da na wadda ake rabawa. Na farkon ne abin dubawa.

Karanta sunan tukuna

Sunan kati yana faɗin abu biyu, zamani da matsayi. A RTX 3060, lambar 30 ita ce zamani, 60 kuma matsayi. Matsayin 50 na shiga ne, 60 na tsakiya, 70 zuwa 90 na manya. Saboda haka girman lamba ba ya nufin ƙarfi. GTX 1060 mai 6GB na 2016 ya fi GTX 1650 na 2019 gudu, haka kuma RTX 2060 ya fi RTX 3050. A ɓangaren AMD, a RX 6600 lambar farko zamani ce, ta biyu matsayi. Ƙarin Ti ko Super ko XT yana nufin an ƙara ƙarfi kaɗan.

Matsalar ita ce su kansu kamfanonin sukan sa wa kati biyu mabambanta suna ɗaya. GT 1030 yana da mai GDDR5 da ke miƙa 48GB a daƙiƙa, yana da mai DDR4 da bai kai 17GB ba, kuma sau da yawa kwalinsu kusan iri ɗaya ne. GTX 1060 mai 3GB ba ma'adana kaɗai aka rage masa ba, ƙwayoyinsa 1152 ne maimakon 1280. RTX 3050 mai 6GB na 2024 ya fi mai 8GB na 2022 rauni sosai. Sannan akwai RX 580 2048SP, wanda aka yi don kasuwar China kuma ya cika shagunan intanet: cikakken RX 580 yana da ƙwayoyi 2304, wannan kuwa 2048, daidai da na RX 570. Duk wanda aka ce masa "580 ne", sai ya tambaya wanne.

Rumbu, hanya da ma'aikata

Ma'adanar kati, wadda ake kira VRAM, kamar rumbu ce a bakin gona. Idan amfanin ya fi rumbun, dole a riƙa jigila zuwa wani wuri mai nisa, wato RAM ɗin kwamfuta, kuma nan take aiki yake fara tsinkewa. Amma idan rumbun ya riga ya ɗauke kayan, ƙara masa girma ba ya ƙara sauri ko kaɗan. Wannan ne ya sa 4GB a kan GT 730 ta zama ado kawai: katin ba shi da ƙarfin gudanar da aikin da zai cika ta. Ga tace bidiyon 1080p da tsofaffin wasanni, 4GB tana isa. Sababbin wasanni da bidiyon 4K suna son 8GB zuwa sama.

Abu na biyu shi ne faɗin hanyar da ke tsakanin rumbun da ma'aikata, kuma mai karatu zai iya lissafa shi da kansa. Ana raba faɗin hanyar, wanda ake rubutawa da bit, gida takwas, sannan a ninka da gudun ma'adanar. RX 580 yana da hanya mai bit 256: a raba takwas, 32, a ninka da gudun 8, ya ba da 256GB a daƙiƙa. RTX 3060 mai 12GB yana da bit 192 da gudun 15, wato 24 sau 15, 360GB. GT 1030 mai bit 64 da gudun 6 ya ba da 48. Idan tallar kati ta yi ta nanata yawan GB amma ta ƙi faɗin irin ma'adanar, ko DDR3 ce ko GDDR5 ko GDDR6, akwai abin da ake rufewa.

Na uku shi ne yawan ƙwayoyin lissafi, kuma a nan ne ma waɗanda suka ɗan yi bincike suke faɗawa rami. Ana kwatanta yawan ƙwayoyi ne tsakanin katunan kamfani ɗaya kuma zamani ɗaya kawai. RX 580 yana da 2304, RX 6600 na 2021 yana da 1792, amma na biyun ya bar na farkon nesa ba kusa ba, kuma yana shan wuta ƙasa da shi. Haka ma'aunin nan na TFLOPS da ake yawan yaɗawa: a takarda RX 580 ya haura 6, GTX 1060 kuma bai kai 4.5 ba, amma a wasanni kusan kunnen doki suke yi. RTX 4060 na 2023 yana da ƙwayoyi 3072 da hanya mai bit 128, RTX 3060 yana da 3584 da bit 192. Duk da haka 4060 ne ke gaba a yawancin wasanni a 1080p, saboda gudun ƙwayoyinsa ya fi, kuma an girka masa babbar ma'adanar gaggawa a cikin guntun kansa, wadda take rage yawan zirga-zirga zuwa rumbu.

Abin da wannan ke nunawa shi ne, lambobin takarda suna da amfani wajen tsame katin da bai cancanta ba, amma hukuncin ƙarshe na gwaji ne. Shafin TechPowerUp yana da bayanan kusan kowane kati tare da jadawalin da ke jera ƙarfinsu, Tom's Hardware ma yana da irinsa, kuma tashoshin YouTube irin su Gamers Nexus da Hardware Unboxed suna gwada katuna a kan kwamfuta ɗaya da wasanni iri ɗaya. Wajen karanta sakamakonsu, bayan matsakaicin firam akwai lambar da suke rubuta wa 1%, wadda ke nuna yadda katin yake a lokutan da ya fi shan wahala. Kati mai matsakaicin 70 da yake faɗowa 25 ya fi ba da haushi a kan mai matsakaicin 55 da ba ya sauka ƙasa da 45.

Lambar da masu gwaji na Turai ba su damu da ita ba

Yawancin masu sharhin katuna suna zaune ne a inda wuta ba ta ɗaukewa, don haka yawan wat ɗin da kati yake ja kusan a ƙarshe suke ambatonsa. Ga wanda ke Malumfashi ko Kafur ko Danja, wanda aikinsa ya rataya a kan wutar KEDCO ta 'yan sa'o'i da ɗan janareta ko sola, wannan lambar ya kamata ya fara dubawa. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kowace sa'a da janareta ya yi a kunne daga ribar aiki ake cire ta.

GTX 1050 Ti da GTX 1650 suna jan wat 75. RTX 4060 yana jan 115, GTX 1060 120, GTX 1660 Super 125, RX 6600 132, RTX 3060 170, RX 580 kuma 185. Can sama akwai RTX 5090 na 2025, mai 32GB, wanda aka sa wa farashin dala 1,999 kuma shi kaɗai yake jan wat 575; ɗan ƙaramin Tiger ɗin nan na shaguna da ƙarfinsa bai kai kilowat ɗaya ba, da ƙyar zai ɗauki katin kaɗai, balle sauran kwamfutar.

A yi lissafi da batirin sola da aka fi sani, mai bolt 12 da 200Ah. A ninka biyun, ya ba da 2400Wh. Irin batirin nan na dalma ba a so a zuƙe shi fiye da rabi idan ana son ya yi ƙarko, saura 1200 ke nan. Kwamfutar tebur mai RX 580, idan aka haɗa furosesa da allo da sauran kaya tana cikin aiki mai nauyi, za ta iya kaiwa wajen wat 300: sa'a huɗu. Ita ɗin dai da GTX 1650 za ta tsaya wajen 190: sa'a shida da ɗoriya. Ba a ma sa asarar da inbata take yi ba. RX 580 ya fi GTX 1650 ƙarfi, kuma a kasuwar na-hannu yakan zo da araha mai jan hankali, musamman mai 8GB. Amma arahar ranar saye ce kawai, kuɗin wuta kuwa kullum ne. Wanda yake da ɗan hali, RX 6600 ko RTX 4060 sun fi ba da aiki a kan kowane wat, kuma a wannan yanki wannan ma'aunin ya fi kowanne ma'ana.

Akwai kuma akwatin da za a sa katin. Kwamfutocin tebur da suka fi yawa a hannun matasa tsofaffin na ofis ne da ake shigowa da su daga waje, irin HP EliteDesk da Dell OptiPlex. Siraran cikinsu suna zuwa da na'urar ba da wuta mai wat 180 zuwa 240 ko kusa da haka, ba su da wayar wuta ta musamman ta kati, kuma dogon kati ba ya shiga cikinsu. Ramin PCIe na kan babban allo iyakar abin da yake bayarwa wat 75 ne. Kati mai jan fiye da haka yana bukatar ƙarin waya mai baki 6, wadda ke ba da 75, ko mai baki 8, wadda ke ba da 150. Mutum zai iya sayo RX 580 daga Kano, ya iso gida Funtua, ya tarar ba inda zai jona shi kuma murfin ma ba ya rufuwa. Irin waɗannan kwamfutoci sai gajerun katuna marasa wayar wuta: GTX 1050 Ti ko GTX 1650 na siririn jiki, ko RTX 3050 mai 6GB da ke jan wat 70. Haɗa wayoyin dabara daga na faifan ajiya don ciyar da babban kati hanya ce ta ƙona kaya.

Zafi da ƙura su ma abokan lissafi ne. A Maris da Afrilu, lokacin da zafin rana yake kusantar digiri 40, shago mai rufin kwano ya fi waje zafi. Katunan Nvidia da yawa suna fara rage gudunsu da kansu idan suka kai wajen digiri 83, don haka katin da aka gwada a ɗaki mai sanyi a Amurka ba lallai ya ba da wannan sakamakon a watan Afrilu a nan ba. Ƙurar hunturu kuma tana toshe haƙoran ƙarfen da ke fitar da zafi. Kati mai jan wuta kaɗan, zafinsa ma kaɗan ne.

Duk wannan ya sa laftof ya fi dacewa da mutane da yawa, tunda batirinsa yana riƙe aiki idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar fitar da bidiyo. Sai dai a sani, sunan katin laftof ba ya nufin ƙarfin na tebur, kuma kamfanin da ya ƙera laftof ɗin ne yake yanke yawan wutar da zai ba shi. RTX 4060 na laftof ana iya saita shi daga wat 35 har zuwa 115. Laftof biyu masu tambari ɗaya a jiki, tazarar da ke tsakaninsu tana iya zama babba. Kuma katin laftof a manne yake, ba a canza shi daga baya.

Aikin ne yake zaɓen kati

Mai shagon buga takardu da ke zana katin gayyata da fasta da CorelDRAW ko Photoshop, yawancin nauyin aikinsa yana kan furosesa da RAM. Idan kuɗinsa kaɗan ne, ƙara RAM zuwa 16GB da sa SSD zai fi canza masa rayuwa a kan sayen kati. Haka mai koyon rubuta manhaja: gina shafin intanet ko manhajar Android ba ya bukatar katin girafik, RAM yake ci. Mai amfani da ChatGPT ma haka, domin lissafin ana yin sa ne a manyan kwamfutocin kamfanin a can wata ƙasa, kwamfutarsa amsa kawai take nunawa.

Mai tace bidiyo shi ne ya kamata ya dubi wani sashe da ba a cika rubutawa a talla ba. A cikin kati akwai wani ɗan yanki na musamman da aikinsa kawai matse bidiyo da warware shi. Nvidia tana kiran nata NVENC, Intel kuma Quick Sync, wanda ta fara sakawa a furosesocinta tun 2011. Wannan yankin ne yake sa fitar da bidiyon biki mai tsawon sa'a ɗaya ya ƙare da wuri maimakon a kwana ana jira, kuma Premiere Pro ya fara amfani da na Nvidia da na AMD wajen fitar da bidiyo a 2020. To ga inda ake yin asara: GT 1030 ba shi da NVENC sam, haka MX150 da MX250 da ke cikin laftof masu yawa da ake tallatawa da tambarin Nvidia. RX 6400 da RX 6500 XT na AMD su ma ba su da sashen matse bidiyo. Mutum zai ƙara kuɗi saboda koren tambari, alhali a aikin da ya sayi na'urar dominsa girafik ɗin Intel na ciki ne yake ɗaukar nauyin.

Irin bidiyon da ake kawowa ma yana da tasiri. Tun 2017 iPhone yake ɗaukar bidiyo da tsarin HEVC, daga iPhone 12 kuma har da mai launi na bit 10. Dangin amarya za su turo irin waɗannan a haɗa da na kyamara, kuma tsohuwar kwamfuta takan riƙa kakarewa a kansu. Furosesocin Intel daga zamani na bakwai zuwa sama suna warware wannan tsarin da kansu. Saboda haka Core i5 na zamani na takwas ba tare da wani kati ba yana iya fin Core i7 na zamani na uku mai GT 730 sauƙin aiki da CapCut. Zamani na takwas ɗin kuma shi ne kusan mafi ƙasa da Windows 11 yake karɓa a hukumance, ga shi Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025. Furosesar da sunanta ya ƙare da F, kamar i5-10400F, ba ta da girafik na ciki ko kaɗan.

Ga mai son wasan ƙwallo, EA Sports FC 24 ya sa GTX 1050 Ti ko RX 570 a matsayin mafi ƙarancin abin da zai yi aiki, ya kuma ba da shawarar GTX 1660 ko RX 5600 XT. Mai koyon zanen 3D da Blender ya lura cewa tun fitowar Blender 3.0 a ƙarshen 2021, injin Cycles ya daina aiki da tsofaffin katunan AMD irin RX 580, don haka 8GB ɗinsa ba za ta amfane shi a can ba. Wanda kuma yake son gudanar da ƙirƙirarriyar basira a kan kwamfutarsa ba tare da data ba, kamar Stable Diffusion na zana hotuna, shi ne mutum ɗaya da girman ma'adana ya fi masa komai, kuma yawancin waɗannan manhajoji an gina su ne a kan CUDA ta Nvidia. Dalilin da ya sa ke nan har yau ake neman RTX 3060 mai 12GB, wanda ya fito a Fabrairun 2021 a kan dala 329, duk da cewa 4060 mai 8GB ya fi shi gudu a wasa.

Kasuwar na-hannu

Kusan duk katin da zai iso Funtua ya bi ta Computer Village da ke Ikeja ko kasuwannin Kano irin na titin Beirut, ko an yi odarsa daga China, kuma mafi yawa an yi amfani da su. Abu biyu ne abin tsoro.

Na farko jabu. Shekaru da dama ana ɗaukar tsofaffin katuna irin GTS 450 na 2010, a sauya musu manhajar ciki ta yadda za su riƙa gabatar da kansu a matsayin GTX 1050 Ti ko GTX 960. Windows zai nuna sunan ƙaryar, har da 4GB ɗin ƙarya, sai aiki ya wuce ainihin ma'adanar sannan komai ya rushe. Manhajar GPU-Z, wadda kyauta ce kuma ba ta da nauyi, tun 2018 take sa alamar jabu a gaban irin waɗannan. Ko ba ta sa ba, a kwatanta yawan ƙwayoyin da ta nuna da na gaskiya: GTX 1050 Ti 768 ne, idan aka ga 192 an gama magana. Ramin VGA mai shuɗin baki a jikin katin da aka ce 1050 Ti ne shi ma alamar tambaya ce, domin katunan Nvidia na wannan zamanin sun daina fitar da irin wannan siginar da kansu.

Na biyu katunan da aka yi haƙar kirifto da su. A ranar 15 ga Satumba, 2022, Ethereum ta sauya tsari ta daina dogaro da katunan girafik, sai masu manyan rumbunan mainin suka juye kayansu a kasuwa. RX 570 da RX 580 da GTX 1660 Super da katunan RTX 30 suna cikin waɗanda suka fi yawa. Ba duka ne suka lalace ba. Guntun GPU yana da juriya. Abin da yake gajiya shi ne fanka da man da ke tsakanin guntu da ƙarfen sanyaya da kuma ma'adana. Wasu kuma an sauya musu manhajar ciki don haƙa, har direban AMD na hukuma ya ƙi hawa.

Shekaru ma suna da nasu hukuncin. Nvidia ta daina fitar wa katunan GTX 900 da GTX 10 sababbin direbobin wasanni daga ƙarshen 2025, sai gyaran tsaro kawai. Za su ci gaba da aiki, amma sabuwar manhaja ba za ta riƙa la'akari da su ba. GTX 1650 da 1660 suna cikin zamanin da ya biyo baya, don haka idan farashin 1050 Ti da 1650 ya yi kusa, babu dalilin ɗaukar na farkon.

Wanda zai je saye da kansa, ya tafi da filashi ɗauke da GPU-Z da FurMark ko Unigine Heaven, tunda ba kowane shago ne zai ba shi data ba. A kunna gwajin na minti goma sha biyar zuwa ashirin a gaban mai kaya, ana kallon zafin da GPU-Z take nunawa, ana sauraron fanka. Ɗigo-ɗigon launi ko layuka a kan allo, ko allon ya yi baƙi ya dawo, alamar ma'adana ce ta fara mutuwa, kuma wannan ba gyaran bakin titi ba ne. A gwada kowane rami na HDMI da DisplayPort. Mai tace bidiyo ya sa wani ɗan guntun aikinsa na gaske a filashin, wanda aka ɗauka da wayar da abokan cinikinsa suka fi amfani da ita, ya fitar da shi a kan kwamfutar yana duba agogo, yana kuma kallon Task Manager ya ga ko layin matse bidiyo na katin yana motsi.

Wanda kuma za a saka masa kaya a mota daga Kano, ya nemi dillalin ya ɗauki bidiyon fuskar GPU-Z tare da lambar da ke manne a bayan katin, duka a ɗauka ɗaya ba yankewa, sannan a yi yarjejeniyar kwanakin gwaji a rubuce a WhatsApp kafin a tura kuɗi. Shi ma ya tura hoton cikin akwatin kwamfutarsa da na takardar da ke jikin na'urar ba da wuta, domin a tabbatar katin zai shiga kuma za ta iya ɗaukarsa.